Zaren Gawayi da Danƙo: Tarihin Wata Masana'anta da Matsalolinta

Gabatarwa

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 aka sami wani jinsi na kayan ƙira wanda ba ƙarfe ba ne, ba kuwa itace ba. Zare ne siriri mai ƙarfin gaske ake jerawa, a jiƙa shi da danƙo, sa'an nan a gasa su har su daskare su zama abu guda. Da irin wannan haɗi ake ƙera jikin jiragen sama na zamani, da ƙananan jiragen ruwa, da tankunan ruwa, da fikafikan injunan da ke samar da lantarki daga iska. Da yake Hausa ba ta riga ta tsayar da suna guda ga wannan jinsi ba, a cikin wannan lacca za a riƙa kiransa haɗin zare da danƙo, ko kuwa haɗi kawai a taƙaice.

Manufar laccar ita ce bin tarihin wannan masana'anta, musamman ɓangaren zaren gawayi, domin a ga inda wahalarta take. Abin da tarihin ya nuna shi ne, gano zaren bai ɗauki masana shekara goma ba, amma koyon sarrafa shi cikin aminci da araha ya ci fiye da shekara hamsin, har yanzu kuwa da saura. Za a ga yadda Ingila, wadda ta sha gaban kowa a ɗakin bincike, ta rasa kasuwar, da yadda Japan ta same ta.

Asalin dabarar

Dabarar haɗa abu biyu domin kowane ya rufe aibin ɗan'uwansa tsohuwa ce ƙwarai, kuma magini Bahaushe ya san ta. Laka zalla idan ta bushe tana ɗaukar nauyi, amma tana tsagewa. Ciyawa kuwa tana jure ja, amma ba ta iya tsayuwa da kanta. Shi ya sa magini yakan cuɗa ƙasa da ramno kafin ya yi tubali. Haka kuma bakunan rufin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830, azara ce aka ɗaura aka lulluɓe da laka. Mutanen Masar na dā ma sun yi tubali da laka da ciyawa, mayaƙan Mongol kuma sun yi bakansu da itace da ƙaho da jijiya, suka manne su wuri guda.

Akwai wani abu a sana'ar magini da ya kamata a riƙe, domin shi ne tushen yawancin matsalolin da za a ambata nan gaba. Maƙeri yakan sayi ƙarfen da aka riga aka narka, wanda aka san ƙarfinsa, nasa aikin kawai ya ba shi siffa. Magini kuwa shi yake yin kayan aikin da siffar a lokaci guda. Idan bai cuɗa ƙasarsa sosai ba, ido ba zai gane ba, sai damina ta zo ta tona asiri. Mai ƙera fiffiken jirgi da zare da danƙo, a wannan fuska, ɗan'uwan magini ne.

Daga gilashi zuwa gawayi

A 1907 Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa danƙo na farko wanda ba daga itace ko dabba ya fito ba, aka sa masa suna Bakelite. A farkon shekarun 1930 kuma ma'aikatan kamfanin Owens-Illinois, ƙarƙashin jagorancin Games Slayter, suka gano hanyar mai da narkakken gilashi zare mai yawa cikin araha, har aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938 domin wannan ciniki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da haɗin zaren gilashi wajen yi wa na'urar hangen jirage murfi, saboda ba ya tare saƙon rediyo kamar yadda ƙarfe ke yi. Bayan yaƙin sai ya shiga ƙirar jiragen ruwa da motoci. A 1953 aka fito da motar Chevrolet Corvette guda 300, dukansu da jikin zaren gilashi.

Sai dai zaren gilashi yana da nakasa guda. Yana da ƙarfi, amma yana lanƙwasawa, ba shi da taurin da fiffiken jirgin sama ke bukata. Wannan ya sa masana suka juya ga gawayi. Tun a 1879 Thomas Edison ya ƙona zaren auduga ya zama gawayi, ya sa shi a cikin ƙwan lantarki, amma wannan zare mai saurin karyewa ne, haske kawai yake bayarwa. A 1958 ne Roger Bacon, wani mai bincike a kamfanin Union Carbide a jihar Ohio ta Amurka, ya sami wasu 'yan gajerun zaruruwa na gawayi waɗanda suka fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi da kansa ya ƙiyasta cewa laba ɗaya ta wannan zare za ta ci dala miliyan 10. A 1959 Akio Shindo, ma'aikacin wata cibiyar binciken gwamnati a Osaka ta Japan, ya nuna cewa ana iya yin zaren gawayi daga zaren akirilik, watau irin wanda ake saƙa rigunan sanyi da barguna da shi.

Waɗanda suka kammala dabarar su ne William Watt da Leslie Phillips da William Johnson, ma'aikatan cibiyar binciken jiragen sama ta gwamnatin Ingila da ke Farnborough, tsakanin 1963 da 1964. Sun gano cewa dole a miƙe zaren, a ja shi sosai, sa'ad da ake fara gasa shi. Har yau a kan wannan tafarki ake. Akan fara gasa zaren akirilik a cikin iska da zafin digiri 200 zuwa 300, sa'an nan a shigar da shi wani tanderu inda aka kore iskar shaƙa, a kai zafin sama da digiri 1,000. Kusan rabin nauyinsa yakan tafi hayaƙi, abin da ya rage gawayi ne kusan zalla. Kaurin sili guda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na gashin mutum ba, shi ya sa akan haɗa sili 3,000 ko 12,000 ko fiye a igiya guda. Gwamnatin Ingila ta ba kamfanoni uku izinin amfani da dabarar: Courtaulds da Morganite da Rolls-Royce.

Faɗuwar Rolls-Royce

A watan Maris na 1968 kamfanin Rolls-Royce ya sami kwangila daga kamfanin Lockheed na Amurka, zai ƙera wa sabon jirginsu mai suna TriStar injuna. Injin, wanda aka kira RB211, a takarda ya fi na abokan gasa rashin nauyi da ƙarancin shan mai. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne, babbar fankar da ke gaban injin za a yi fikafikanta da haɗin zaren gawayi, wanda kamfanin ya raɗa wa suna Hyfil. An tsayar da farashi a cikin kwangilar, an kuma tsayar da ranar miƙa kaya, tare da tara idan an makara. A lokacin nan zaren bai fi shekara huɗu da fitowa daga ɗakin bincike ba.

Hyfil ya ci jarrabawa da dama. Amma ruwan sama da tsakuwa suna cinye bakin fiffiken, sa'an nan akwai wata jarrabawa da kowane injin jirgi sai ya ci kafin a ba shi izinin tashi. Da yake tsuntsaye sukan faɗa cikin injuna a sararin sama, akan harba matacciyar kaza da ƙarfi cikin fankar tana juyawa, a ga abin da zai faru. A watan Mayu na 1970 aka yi wa Hyfil wannan jarrabawa, fankar ta farfashe. Dalilin kuwa a fili yake ga wanda ya san kara: ana iya jan kara ta tsawonsa bai tsinke ba, amma idan aka buge shi ta gefe sai ya tsage. Zaren yana da ƙarfi ta inda ya miƙe, amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa danƙo ne kaɗai ke riƙe da su. Tilas kamfanin ya koma ga fanka ta ƙarfen taitaniyom, wadda ta fi nauyi da tsada.

Ba daidai ba ne a ɗora wa Hyfil laifin duka. Babban injiniyan kamfanin, Adrian Lombard, ya rasu a 1967, injin yana da wasu matsaloli dabam, kuɗin aikin kuma ya kusa ninka abin da aka ƙiyasta, alhali kwangila ta hana a ƙara farashi. Amma fashewar fankar ta ƙara jinkiri da hasara a lokacin da kamfanin ba shi da sauran ƙarfi. Ran 4 ga Fabrairu 1971 Rolls-Royce ya karye. Gwamnatin Edward Heath, wadda aƙidarta ita ce kada gwamnati ta tallafi kamfanin da ya gaza, dole ta karɓe shi, domin sojojin sama na Ingila da na ƙasashe da yawa da injunansa suke tashi. Shi ma Lockheed ya kusa bin sahu, sai da Majalisar Dokokin Amurka ta tsaya masa ya ci bashin dala miliyan 250, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak a Majalisar Dattawa.

Abin lura a nan shi ne, tunanin injiniyoyin bai zama kuskure ba. An kira Stanley Hooker daga ritaya ya gyara RB211, ya fara aiki a 1972, daga bisani ya zama tushen injunan da kamfanin ke taƙama da su. Fanka ta zaren gawayi kuwa ta fara ɗaukar fasinja a 1995, a injin GE90 na kamfanin General Electric, bayan an koyi ƙarfafa danƙon, an kuma yi wa bakin kowane fiffike laya ta taitaniyom. Watau Rolls-Royce ya yi alkawarin miƙa wa mai saye cikin shekara uku abin da masana'antar ta bukaci shekara 25 kafin ta iya. Bayan wannan masu zuba jari a Ingila suka ja baya, a 1991 kuma Courtaulds ya daina yin zaren gawayi.

Hanyar da Japan ta bi

Toray kamfanin saƙa ne, ya kuma daɗe yana yin zaren akirilik. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ingancin zaren gawayi daga ingancin akirilik ɗin da aka gasa yake farawa. A 1970 kamfanin ya sami izinin amfani da dabarar Shindo, ya kuma yi musayar fasaha da Union Carbide. A 1971 ya fara sayar da zaren, yana yin kimanin tan ɗaya a wata.

Japan ba ta da babbar masana'antar jiragen sama a lokacin, saboda haka Toray ya nemi kasuwa inda take. Ya fara da sandunan kamun kifi a 1972, sa'an nan sandunan wasan golf da abin buga ƙwallon tanis. Wannan kasuwa tana da fa'ida biyu. Mai son wasa yana iya biyan kuɗi mai yawa saboda sanda marar nauyi, idan kuma sandar ta karye ba a rasa rai ba. Ta haka masana'antar ta yi ta aiki ba tsayawa, ma'aikata suna koyo daga kurakuransu a kan kayan da kuskure ba ya kisa. Daga nan aka shiga ƙananan sassan jirgi, sa'an nan wutsiyar Boeing 777 wanda ya fara aiki a 1995. A 2006 Toray ya ƙulla yarjejeniya mai dogon zango da Boeing, zai ba da zaren da za a ƙera jirgin 787. Daga tan ɗaya a wata zuwa wannan matsayi shekara 35 ke nan. A wajajen 2010 kamfanonin Japan uku, watau Toray da Toho Tenax da Mitsubishi Rayon, su ke yin fiye da rabin zaren gawayin duniya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

Matsalar aibin ɓoye

Samun zare mai kyau bai kawar da matsalar magini ba. Idan aka bugi alminiyon yakan loɓa, kowa ya gani. Haɗin zare kuwa yana iya rabuwa daga ciki, shimfiɗa ta saki 'yar'uwarta, alhali fuskarsa sumul. Kumfar iska da ta maƙale a danƙo, ko zaren da ya tattare wajen shimfiɗawa, duk suna rage ƙarfi ba tare da wata alama ba. Saboda haka kowane sashe mai muhimmanci sai an bi shi da na'urar da ke aika sauti cikinsa ta saurari amsa. Wannan aiki yana cin lokaci da kuɗi, yana kuma bukatar ƙwararru.

Jirgin Boeing 787, wanda rabin nauyin jikinsa haɗi ne, ya nuna girman wannan matsala. An rarraba aikinsa ga kamfanoni a ƙasashe dabam-dabam: fikafikai daga Nagoya ta Japan, wasu sassan gangar jiki daga Italiya, wasu daga Wichita da Charleston a Amurka. An shirya miƙa na farko a watan Mayu na 2008. A tsakiyar 2009 gwaji ya nuna shimfiɗu suna rabuwa a inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, sai da aka ƙarfafa wurin. Jirgin bai tashi ba sai a Disamba 2009, ba a kuwa miƙa shi ga kamfanin All Nippon Airways ba sai a Satumba 2011. Har ila yau, daga Mayu 2021 zuwa Agusta 2022 an dakatar da miƙa sababbin jiragen, saboda an sami 'yan ƙananan giɓi a mahaɗar sassan gangar jiki, waɗanda faɗinsu bai wuce na gashi ba.

Inda aka yi sakaci da bincike kuwa, sakamakon ya fi haka muni. Ran 18 ga Yuni 2023 wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Titan, wanda aka yi gangar jikinsa da zaren gawayi, ya murƙushe a Tekun Atlantika a kan hanyarsa ta zuwa kallon ɓaraguzan Titanic, mutum biyar suka mutu. Binciken hukumomin Amurka ya sami tattarewar zare da ramukan iska da rabuwar shimfiɗu a jikin jirgin, ya kuma nuna cewa babu wata hukuma mai zaman kanta da ta tantance shi.

Matsalar tsada da jinkiri

Kilo ɗaya na zaren gawayi, ko da mafi araha ne, ya ninka kilo ɗaya na ƙarfe a farashi fiye da sau goma. Akirilik ɗin daga man fetur yake, rabinsa kuma yana ƙonewa, tanderun yana shan wuta ainun. Zaren da aka riga aka jiƙa da danƙo sai an ajiye shi cikin sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, in ba haka ba ya daskare kafin a yi aiki da shi. Bayan an shimfiɗa shi, sashen jirgi yakan shafe sa'o'i a cikin tanderu mai matsi. Injin buga ƙarfe kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi yake fitar da ƙofar mota.

Kamfanin jirgin sama yana iya biyan wannan, domin kowane kilo da aka rage yana rage masa shan mai har shekara ashirin ko fiye. Mai ƙera mota ba shi da wannan sarari. Kamfanin BMW na Jamus ya gwada da motarsa mai lantarki, i3, daga 2013. Ana kawo akirilik daga Japan, a gasa shi a Moses Lake ta Amurka saboda arahar lantarkin madatsar ruwa, a kai shi Jamus a saƙa, a harhaɗa motar a Leipzig. An ƙera kimanin mota 250,000 kafin a daina a 2022, kamfanin bai kuma sake yin ƙaramar mota mai irin wannan jiki ba.

Daɗin daɗawa, zaren gawayi mai daraja ta ɗaya ba hajar da kowa ke iya saye ba ce. Da shi ake yin jikin makamai masu linzami da injunan tace yuraniyom, saboda haka Amurka da Japan da ƙasashen Turai sun sa wa fitar da shi da injunan yinsa takunkumi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙasar Sin ta zuba dukiya mai yawa ta kafa nata masana'antu, har ta shiga sahun gaba wajen yawan abin da take iya yi.

Matsalar shara

Tsohon ƙarfe ana narka shi a sake ƙira, shi ya sa 'yan gwangwan ke bin gida gida suna sayensa. Danƙon da aka fi amfani da shi a wannan masana'anta kuwa, da zarar ya daskare ba ya sake narkewa, kamar dafaffen ƙwai. Matsalar ta fi fitowa fili a injunan lantarki na iska, waɗanda yawancin fikafikansu haɗin zaren gilashi ne. Fiffike yakan yi aiki shekara 20 zuwa 25, manyan na yanzu kuwa sun haura mita 100 a tsawo. Tsakanin 2019 da 2020 an yayyanka ɗaruruwan tsofaffin fikafikai aka binne su a jujin garin Casper a jihar Wyoming ta Amurka, hotunan wurin kuma suka jawo wa masana'antar suka mai yawa.

Akwai hanyoyin ragewa. Akan niƙa fikafikan a zuba a tanderun siminti, danƙon ya zama makamashi, gilashin ya shiga cikin simintin. Zaren gawayi kuma akan ƙone danƙon da ke jikinsa a ceto shi, sai dai yakan fito a gajarce, bai isa a sake yin fiffiken jirgi da shi ba. A 2021 kamfanin Siemens Gamesa ya fito da fiffike mai danƙon da ake iya narkarwa da sinadari. Amma dubban fikafikan da aka kafa kafin haka da tsohon danƙo aka yi su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa ƙarfin wannan masana'anta yana hannun wanda ya iya yin abu guda sau dubu ba tare da na ɗari tara ya bambanta da na farko ba. Ingila ta sami dabarar a 1964, ta ɗora ta nan da nan a kan aikin da ya fi kowane hatsari, ƙarƙashin kwangilar da ba ta bar wurin kuskure ba. Japan ta fara da sandar kamun kifi, ta koyi sana'ar daki-daki, gwamnati da kamfanoni kuma suka jure shekarun da ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Ga ɗalibin kimiyya, darasin shi ne kada ya raina aikin masana'anta da na mai duba inganci, domin a can ne binciken ɗakin gwaji ke cin nasara ko ya faɗi. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda wata rana zai sa hannu a kan takardar sayen jirgi ko tanki ko injin iska, tambayoyin da tarihin nan ya bar masa a sarari suke. Wa ya gwada wannan kaya, kuma mai gwajin yana cin gashin kansa? Idan ya sami rauni daga ciki, akwai na'ura da ma'aikacin da za su gano a cikin ƙasa? Idan ya tsufa, ina za a kai shi, wa kuma zai biya? Ya kamata a sami amsoshin waɗannan a rubuce kafin a biya kuɗi.